Gwaggon Dokki da Guru Goma

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta, a hawa na uku na gidan da ta shekara ashirin da shida a cikinsa a unguwar Dokki, a Alƙahira. Kafin la'asar falo ya cika, ɗalibai sun jeru kan matakala har ƙasa. Matar bawwab, mai gadin gidanmu, ita ta fara shigowa. Ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Ma'alish ya binti, ma'alish," wato yi haƙuri 'yata, har sai da na koma ni ce mai ba ta haƙuri. Matan ma'aikatan ofishin jakadanci suka zo daga Zamalek da kuloli. Wata ɗaliba 'yar Gusau ta zauna a ƙofar kicin, ta kalli babbar tukunyar da ke kife, ta ce, "Shi ke nan, an rufe tuwon Juma'a." Waɗanda suka daure tun safe, a nan suka kasa.

Washegari da safe wani dattijo ya hawo benen a hankali, da farin gemu da rawani shuɗi. Ɗalibai suka dare suna ba shi hanya, sun zaci wani babban malami ne daga Pakistan. Ya tuɓe takalmi, aka miƙa masa kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Ya haɗa tafin hannunsa a gabana, ya ce da Turanci, "Ni ma uwata ce ta tafi." Hawaye suna bin gemunsa.

Wata daga cikin matan Zamalek ta matso kusa da kunnena. "Wannan kuma a ina Gwaggo ta samo shi?"

Tambayar nan ce ta sa na ɗauki biro. Kwana uku ana yabon Gwaggo: tuwonta, faɗanta, yadda take bin ɗalibi har asibiti. Duk gaskiya ne. Amma ban ji mutum ɗaya ya ambaci abin da ta fi kowa sani a garin nan ba, kuma ina tsoron in na yi shiru ya bi ta kabari.

Yayar mahaifina ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Mijinta akawu ne a ma'aikatar harkokin waje. Aka tura shi Delhi tana da shekara ashirin da 'yan kai, ba ta jin Turanci, ba ta jin komai sai Hausa da Larabcin allo. A can ta haifi ɗanta ɗaya tilo, a can ta binne shi yana da wata biyar.

Maƙwabciyarta a lokacin wata tsohuwa ce mai bin addinin Sikh, addinin mutanen Panjab masu rawani waɗanda ba sa aske gashi. Gwaggo ta ce bayan rasuwar jaririn, kwana arba'in matar nan tana zuwa da safe ta zauna a gefenta, ba mai jin yaren wani. Ranar ta arba'in da ɗaya ta kama hannunta ta ja ta zuwa gidansu. Mijin tsohuwar mai gyaran tsofaffin zane ne, irin ƙananan hotunan nan da ake zanawa da hannu a kan takarda, wasu sun haura shekara ɗari biyu. Aka zaunar da Gwaggo aka ba ta ludayi, ta riƙa dama ƙullun da ake liƙa takarda da shi.

"Koko ne, Uwata," in ji ta. "Kokon alkama ba sukari. Na ce in dai wannan ne, ai kun samu gwana."

Wata rana tsohon ya juya wani zane yana ƙifta ido kan rubutun da ke baya. Idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa kuma ba su koyi wannan rubutun ba. Gwaggo ta leƙa ta ga baƙaƙen Larabci ne, irin na Farisa masu kwanciya. Ta haɗa su kamar yadda take haɗa ajami a Zariya, ta furta. Tsohon ya ajiye gilashinsa ya kalle ta. Daga ranar ta tashi daga mai dama koko ta zama mai karatu. Shekara takwas ta yi a ɗakin nan. Ita tana karanta masa bayan takarda, shi yana koya mata karanta gabanta.

Mabiya Sikh suna da shugabanni goma da suke kira Guru, ɗaya bayan ɗaya. Masu zane sun yi ta zana su, mafi yawa bayan sun daɗe da rasuwa, kuma da irin tufafi da zaman da suke zana sarakuna da shehunai. Shi ya sa gane su aiki ne. Lokacin da na zo Alƙahira karatun likita na sauka a wurinta, akwai hotunansu goma sha biyu a bangon falonta. Uku na asali ne da tsohon ya ba ta ranar da za ta baro Indiya, sauran bugun inji.

"Kar ki kalli fuska," takan ce. "Fuska ta mai zane ce, bai taɓa ganin mutumin ba. Dubi abin da ke hannu. Dubi wanda ke tsaye a baya. In kin gama, juya takarda."

Na farko, tsoho ne mai farin gemu a gindin bishiya, da carbi a hannu. A gefensa ɗaya mai kaɗa wani abu kamar garaya, a ɗaya gefen mai yi masa fifita da gashin ɗawisu. Na takwas ba ya ɓuya, don yaro ne, ya rasu bai kai shekara goma ba. Na shida da na goma su ke ruɗa mutane, dukansu da doki da shaho a hannu. Amma na shida kakkaura ake zana shi, sau da yawa da takobi biyu. Na goma siriri ne, da kwari da baka, da tuntu a goshin rawani, dokinsa kamar an rina shi da baba. Na biyu da na huɗu kuwa, takan ɗaga kafaɗa. "Waɗannan sai rubutu. In babu rubutu, ki ce ban sani ba. Ba a taɓa kai mutum kotu don ya ce bai sani ba."

Ina ji ne kawai da kunne ɗaya. Ina da jarrabawa, ina da mikrobas ɗin da zan kama zuwa Giza, kuma a ganina labarin tsofaffi ne.

Mijinta ya rasu a nan Alƙahira, shekara biyu bayan an sauya masa wurin aiki daga Delhi. Babana ya yi ta aiken ta koma gida. Ta ce, "Ɗana yana Delhi, mijina yana nan. In na koma Zariya wa na je wa?" Ta zauna tana ɗinki wa matan jakadu, tana tuƙa tuwo duk Juma'a. Garin masara daga kasuwar Sudanawa, kuka da daddawa daga jakar duk wanda ya dawo hutu. Wanda ya zo hannu rabbana ba ta hana shi ci, amma sai ya wanke tukunya. In ɗalibi ya cika surutun nahawu a kan abinci, sai ta buga ludayi a tire ta ce, "Yalla, khalas, a ci. Miya ba ta jiran mubtada'i."

A irin wannan Juma'ar ce aka yi rigimar da ta bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Mijinta yana da ƙane a garin nan, malami ne da ya yi digirinsa na uku a fannin fiƙihu ya zauna yana koyarwa. Mu muna ce masa Baba Malam, shi yana ce mata Yaya. Tsakaninsu akwai wasan nan na matar wa da ƙanin miji, ba ya shigowa ba ta tsokane shi ba. Ranar ya dawo daga gida bayan rasuwar mahaifiyarsu Inna, ya zo da wani hoto a naɗe cikin ɗankwali. Ya ce a saman gadonta ya cire shi. Shekara arba'in yana nan rataye, ta saye shi a kasuwa a Kano a matsayin hoton wani babban waliyyin Bagadaza. A ƙarƙashinsa take lazimi, a ƙarƙashinsa ta cika. Ya buɗe ya nuna wa ɗalibai.

Tsoho ne mai farin gemu a gindin bishiya, da carbi a hannu.

Gwaggo tana tsaye da kwanon miya. Ta kalla sau ɗaya ta yi dariya. "Malam, ai wannan Guru na farko ne. Ga mai kiɗansa nan, ga mai fifita. Duk karatun nan naka, ba ka tambayi abin da garaya take yi a gaban waliyyin Bagadaza ba?"

Wasu ɗalibai suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baba Malam ya naɗe hoton a hankali. Ya ce, "Yaya, uwata kika yi wa dariya." Ya sa takalminsa ya fita, tuwonsa yana nan bai taɓa ba.

Shekara shida bai sake tako gidan ba. Ta aika masa da dambun nama da Salla, ya karɓa ya ce a gode mata. Ta aike ni sau biyu da baki, ya ce ba komai, ya yafe. Amma bai zo ba. Wata rana muna tsince shinkafa na ce mata ai gaskiya ta faɗa. 

"Gaskiya ce," ta ce. "Garwashi ma abin amfani ne. Amma ba a miƙa wa mutum shi a tafin hannu."

Ni ma ina da nawa laifin, kuma ba zan rubuta na wani in ɓoye nawa ba. A shekarata ta uku na fara zuwa wani darasi na mata, na dawo cike da zafin sabon sani. Na tsaya a tsakiyar falonta na ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hotuna, balle hotunan shugabannin wani addini. Na shirya hujjoji, na shirya amsar duk abin da za ta ce. Ba ta ce komai na musu ba.

"Uwata, ni ba na roƙonsu komai. Iyayen maƙwabtana ne, na san su ne kawai. Amma tunda sun dame ki, ɗauko kujera."

Ni na hau, ni na sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta goge kowanne da gefen zaninta, ta jera su a akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado. Bangon ya rage da tabo goma sha biyu, wuraren da fenti bai koɗe ba. Har yau ban yanke wa kaina hukunci kan mas'alar ba, malamai sun yi magana kuma ba ni ce zan raba ba. Abin da na sani shi ne daga ranar ta daina ba ni labarin Delhi, ni kuma ban lura ta daina ba sai bayan shekaru.

Dattijon nan mai shuɗin rawani ya shigo rayuwarmu bayan wannan. Injiniya ne a wata masaƙa, ya daɗe a Masar. Matarsa ta haɗu da Gwaggo a wata kasuwar baje kolin mata a Zamalek, ta ji baƙar mace tana ciniki da yaren Delhi, hira ta yi hira. Bayan mako guda ya zo da wani zane cikin firam na katako. Gwaggo tana kiransa Sardar, yadda ake girmama mazansu.

Ya ce kakarsa ce ta ɗauko zanen daga Lahore lokacin da aka raba Indiya da Pakistan, ana kashe-kashe a hanya. Ta bar gida, ta bar gwala-gwalai, ta ɗaure wannan a cikinta ƙarƙashin riga. Guru na goma ne, in ji dangi, kuma shi ya tsallakar da su. Danshi ya fara cin gefensa, yana son a duba kafin ya ba 'yarsa.

Mutum ne a kan doki, da shaho a hannu. Ni ma da na leƙa na ce a raina na goma ne. Gwaggo ta ce ya bar shi ya dawo jibi.

Da ya tafi ta zare ƙusoshin firam ɗin da wuƙar tebur. Kwalin da aka zagaye zanen da shi ya rufe kusan yatsa uku na gefe. Da ta ɗaga, sai ga wani bawa yana bin dokin a ƙasa, riƙe da tulun shisha, igiyarta ta miƙe zuwa wajen mahayin. Gwaggo ta sauke numfashi. Taba haramun ce a addininsu, na goman nan shi ya fi tsananta hana ta. Babu mai zanen da zai haɗa shi da shisha. Ta juya takardar, ta sa gilashi, ta bi baƙaƙen da yatsa. Sunan wani hakimi ne Musulmi, da sunan garinsa.

Kwana biyun nan ba ta ci abin kirki ba. Ranar da zai dawo ta dafa shayi da madara da citta irin nasu, ta sallami ɗaliban da ke falo, ta ce ni in zauna don Turancinta yakan gudu in ranta ya ɓaci. Ta bari ya sha, ya ci, ya ba da labarin 'yarsa. Sannan ta ce, "Sardar, na gyara inda danshi ya ci. Kana iya ɗauka ka tafi haka, ba wanda zai ce ka yi laifi. Ko kuma in gaya maka abin da na gani. Zaɓi naka ne."

Ya kalle ta. "Mata ji, gaya mini." Wato uwa.

Ta nuna masa shishar, ta karanta masa sunan. Ya karɓi takardar ya duba gaba da baya. Daga baya ya ce, kamar da kansa yake magana, "Musulmi take gudu. Ashe Musulmi ta ɗauro a cikinta." Ya yi wata 'yar dariya da ta juye kuka. Ya tambaye ta yadda aka yi hoton ya shigo gidansu. Ta ce ba ta sani ba. Ya tambaye ta ko ya gaya wa 'yarsa. Ta ce wannan ma ba ta sani ba, amma in zai faɗa, ya zaunar da ita tukuna, kuma kada a gaban mutane.

Ya gaya wa 'yar. Hoton yana gidansu har yanzu, an sauke shi daga ɗakin ibada an mayar falo kusa da hoton kakar. Tun daga lokacin duk Sallar azumi sai ya hawo benen nan da kwalin alewa.

Ciwon suga ya cinye idon Gwaggo a shekara biyu na ƙarshe. Ni likita ce a lokacin, na san sunan kowace jijiya da ke mutuwa a idonta, ban iya tsayar da ko ɗaya ba. Wata ranar Asabar da rana na same ta zaune a bakin gado tana shafa murfin akwatin da ƙafa. Na jawo shi na buɗe. Ban nemi gafara da baki ba, na kasa. Na ɗauko na sama na ce, "Gwaggo, ga wani a zaune kan darduma, da littafi a gabansa."

Ta gyara zama. "Gemunsa baƙi ko fari?"

"Baƙi."

"Akwai gini a bayansa, da ruwa?"

"Akwai."

"Na biyar ne. Shi ya tattara littafinsu. Kawo na gaba."

Haka muka riƙa yi duk Asabar. Ni ido, ita sani. Wani lokacin takan tsaya a tsakiya ta koma ɗakin nan na Delhi, ta ba ni labarin tsohuwar da ta kama hannunta, da yadda suka yi sallama a tashar jirgin ƙasa ba tare da ɗayarsu ta iya kallon ɗaya ba. Na ce zan sayi littafi in rubuta komai. Kullum sai in ce sai Asabar mai zuwa.

Ana saura kwana tara ta rasu ta ce in je wurin Baba Malam karo na uku. "Ki ce masa ba yafiya nake nema ba, ya riga ya ba ni. Ki ce akwai abin da ban ƙarasa gaya masa ba game da hoton Inna." Na hau jirgin metro na je. Ya saurare ni, ya ce in sha Allahu zai shigo ranar Juma'a. Juma'ar ta zo aka kira shi taro. Ya ce ta gaba. Talata ta riga ta.

Shi ya yi mata salla. Waɗanda suka je maƙabarta sun ce da kansa ya shiga ramin, aka yi ta fama kafin ya fito. Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, da mutane suka ragu, ya tsaya a ƙofar falo, wurin da ya sa takalminsa ya fita shekara shida da suka wuce. Ya tsufa fiye da yadda na san shi.

"Ɗiyata," ya ce, "me take son gaya mini?"

Na ce abin da na sani kaɗan ne. Ta taɓa cewa mai kiɗan da ke gefen Gurun, Musulmi ne, abokin tafiyarsa tun ƙuruciya, sun yi shekaru suna yawo tare kuma bai bar addininsa ba. Ina jin abin da take son ya sani ke nan: duk shekarun da Inna ta yi tana lazimi a ƙarƙashin hoton, akwai mai salla a cikinsa.

Ya dafa bango. Ya ce hoton yana nan a ɗakinsa, bai rataye ba, bai kuma iya yarwa ba. Sannan ya ce, "Mene ne sunansa, shi Musulmin?"

Ta faɗa mini sunan. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na buɗe baki, babu shi. Wayata tana hannuna, na san cikin minti ɗaya za ta ba ni amsa. Shi ma ya sani. Babu wanda ya duba a cikinmu, don ba daga waya ya zo ji ba.

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hannun riga, ni kuma na shiga kicin na ɗora masa ruwan shayi.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka mata kabarinta fiye da hasken da idonta ya rasa. Ya sada ta da jaririn da ta bari a Delhi. Mu da muka yi jinkiri, Ya yafe mana.